Me ya karya darajar lu'ulu'u, kuma na yanzu na gaske ne?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da wata sarƙar lu'ulu'u da mahaifiyata ta rasu ta bar mini. Na sha karantawa cewa a zamanin da babu kayan adon da ya kai lu'ulu'u daraja, sai sarakuna da manyan attajirai ke iya mallakarsa, amma yau ga shi a wuyan kowa. Me ya faru? Na yanzun jabu ne? Kuma gaskiya ne cewa daga ɗigon ruwan sama yake samuwa? Ina so in san matsayin abin da ke hannuna."

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan mahaifiya, ya kyautata makwancinta. Abu uku kika haɗa a tambayarki: yadda lu'ulu'u yake samuwa, abin da ya sa ya yi tsada sannan ya faɗi, da kuma yadda za ki gane wanda ke hannunki. Lu'ulu'un da muke magana a kai shi ne wanda ake cirowa daga cikin kawa, ba daimon da ake haƙowa a ƙasa ba. A taƙaice, mafi yawan wanda kike gani yau ba jabu ba ne, kawa ce ta yi shi kamar yadda ta yi na da. Abin da ya canja shi ne a da sai mutum ya nutsa ƙarƙashin teku da numfashi ɗaya ya nemo shi, bai san ko zai samu ba, yanzu kuwa kiwonsa ake yi. Aikina duba duwatsun ado ne da sake shirya tsofaffin sarƙoƙi a zare, don haka zan haɗa miki da abin da ido da hannu suka koya mini.

Yadda yake samuwa

Maganar ruwan sama tsohuwa ce ƙwarai. Pliny, marubucin Rumawa na ƙarni na farko, ya rubuta cewa kawa tana buɗe baki ta sha raɓa, idan raɓar mai tsabta ce lu'ulu'un ya fito fari tas, idan sama ta yi gajimare ya fito da duhu. Larabawa da Farisawa kuma suka ce ruwan watan Nisan ne, wato wajen Afrilu, kawa take tasowa saman teku ta karɓi ɗigo ɗaya ta koma ƙasa ta rene shi. Mawaƙansu sun yi ta amfani da wannan siffa ɗaruruwan shekaru. Labari ne mai daɗin ji, amma kawar lu'ulu'u a manne take da dutse a ƙasan teku, ba ta tasowa ko'ina.

Haka ita ma maganar da ta fi yawo yanzu, cewa ƙwayar yashi ce ke shiga cikin kawa, ba ta tsaya da ƙafarta ba. Kawa a cikin yashi take rayuwa, kullum tana fitar da shi. Da yashi ne sanadi, da kowace kawa cike take da lu'ulu'u.

Ga abin da yake faruwa. A cikin ɓawon kawa akwai wani tantanin nama a shimfiɗe, shi ne ke fitar da wannan farin sheƙin da kike gani a cikin ɓawon. Idan tsutsa ta huda ɓawon ta shiga, ko kaguwa ta yi mata rauni, wani ɗan yanki na tantanin yakan ɓalle ya nutse cikin naman. A can ma ba ya daina aikinsa. Sai ya zama 'yar jaka, ya ci gaba da zubo sheƙi zuwa cikinta, rufi kan rufi kamar ɓawon albasa. Kowane rufi siraran faranti ne na sinadarin alli, wanda masana ke kira aragonait, an liƙe su da wani irin danƙo na furotin. Kaurin rufi ɗaya bai wuce kusan kashi ɗaya cikin 2,000 na milimita ba. Haske yana ratsa waɗannan rufi ya dawo daga zurfi daban-daban, shi ya sa lu'ulu'u mai kyau ba a samansa sheƙin yake tsayawa ba, sai ki ga kamar daga ciki yake haskowa. Duk wanda ya daɗe yana riƙe lu'ulu'u, wannan zurfin hasken shi ne abin da idonsa yake fara nema, kafin girma, kafin launi.

Abin da ya sa ya fi komai tsada

Daimon da yaƙutu sai an yanka an goge kafin kyawunsu ya fito, kuma sana'ar yankan daimon yadda zai yi walƙiya ba ta bunƙasa ba sai a ƙarnonin baya-bayan nan. Lu'ulu'u kuwa da kyawunsa yake fitowa. Shi ya sa ya riga su shiga hannun mutane. A tsibirin Marawah na Abu Dhabi an tono wata 'yar ƙwaya a wani tsohon mazauni, aka auna shekarun wurin da ta fito aka samu tsakanin 5800 da 5600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato kusan shekara 8,000 ke nan. A birnin Susa na ƙasar Iran kuma an sami sarƙar lu'ulu'u a kabarin wata mace ta gidan sarautar Farisa ta ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, tana gidan tarihi na Louvre a Paris yanzu.

Rumawa sun kai son lu'ulu'u maƙura. Pliny ya sa shi a kan gaba cikin duk abubuwa masu daraja. Shi ne kuma ya kawo labarin Kiliyopatra, sarauniyar Masar, da ta yi fare da Mark Antony, jagoran yaƙin Rumawa, cewa za ta cinye dukiyar sestas miliyan 10, kuɗin Rumawa na lokacin, a zama ɗaya. Ta cire lu'ulu'un kunnenta ta jefa a ruwan khal, wato ruwan tsami, ta shanye. Gaskiyar da ke cikin labarin ita ce tsami yana cin lu'ulu'u, tunda alli ne. Amma an gwada a zamaninmu, ƙwaya mai ɗan girma takan ɗauki yini guda ko fiye kafin ta narke a khal, ba a zaman cin abinci ɗaya ba. Ki riƙe wannan batu na tsami, zai yi miki amfani wajen kula da sarƙarki.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci lu'ulu'u da murjani a Suratur Rahman cikin ni'imomin da ke fitowa daga teku, ya kuma ambace shi a Suratul Hajji da Suratu Faɗir cikin adon 'yan Aljanna tare da mundayen zinariya. A Linjila ma akwai misalin ɗan kasuwar da ya sayar da duk abin da ya mallaka don ya sayi lu'ulu'u ɗaya. Mutanen da aka yi wa waɗannan misalai sun san cewa ba a samun abin da ya fi shi a kasuwa. A Indiya, wajen 1865, sarkin Baroda mai suna Khande Rao Gaekwad ya sa aka ɗinka wata shimfiɗa da ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u fiye da miliyan ɗaya, da niyyar aikawa Madina kyauta ga kabarin Manzon Allah (SAW). Ya rasu kafin a kai ta. An yi gwanjonta a Doha a 2009 kan kusan dala miliyan 5.5, tana gidan tarihin ƙasar Katar.

Sauran camfe-camfen ba sai na tsaya a kansu ba. A Sin da Indiya da ƙasashen Larabawa an daka shi an sha don ciwon zuciya da baƙin ciki, a wasu sassan Turai kuma an ce hawaye ne, amarya kada ta sa. Garin lu'ulu'u dai alli ne da ɗan furotin.

Tushen tsadar duka ƙaranci ne. Sai a buɗe ɗaruruwan kawa ba a sami ƙwaya ɗaya mai kyau ba, wadda kuma take kewayayya sumul ta fi haka wuya nesa ba kusa ba. To a ce ana son sarƙa guda, ƙwayoyi hamsin ko sittin masu launi ɗaya, masu sheƙi ɗaya, girmansu yana raguwa a hankali daga tsakiya zuwa ƙeya. Dillali yakan shekara da shekaru yana tara su.

Mutanen da suka ciro shi

Wannan ɓangaren ne aka fi tsallakewa idan ana ba da tarihin lu'ulu'u, ni kuwa a ganina shi ne zuciyar labarin. Manyan wuraren nutso na da su ne Tekun Fasha, da mashigin Mannar tsakanin Indiya da Sri Lanka, da Bahar Maliya. Ibn Battuta ya ga masu nutson Tekun Fasha a ƙarni na 14, ya siffanta abin da suke matse hanci da shi na ƙoƙon kunkuru, da igiyar da suke ɗaurawa a jiki, ya kuma ce yawancinsu bashin 'yan kasuwa ne a wuyansu. Shekara 600 bayansa, kusan babu abin da ya canja.

Babban lokacin nutso wata huɗu ne na tsananin zafi, daga Yuni zuwa Satumba. Jirgin ruwa yana da shugaba, nakhoda, da mai nutso, da mai jan igiya da ake kira saib, da mawaƙi, nahham, wanda aikinsa ya riƙa ba mutane ƙarfin gwiwa da waƙa lokacin jan igiya da tuƙi. Mai nutso zai matse hancinsa, ya sa hulunan fata a kan yatsunsa don kada ɓawo da murjani su yanke shi, ya rataya kwandon saƙa a wuya, ya sa ƙafa a madaukin igiyar da aka ɗaure wa dutse. Dutsen ne ke jan sa ƙasa da sauri, mita 10, 15, wani lokaci 20. A can yana da kamar minti ɗaya, ko da ɗan ɗoriya, ya fizgo kawa gwargwadon abin da hannunsa ya kai. Idan numfashi ya ƙare sai ya ja igiya, saib ya fizgo shi sama. Ransa a hannun saib yake. Idan saib ya yi gyangyaɗi ko ya shagala, shi ke nan. Mai nutso ya huta 'yan mintoci a jikin jirgin, ya sake komawa, haka har faɗuwar rana, sau hamsin ko fiye. Da rana 'yan dabino da gahawa kawai yake ci, don cikakken ciki ba ya nutso. Dodon kunne yana fashewa, gishiri yana cin ido har wasu su makance, fata tana tsattsagewa. Da gari ya waye ake buɗe kawar jiya a gaban nakhoda, shi ne ke ajiye duk abin da aka samu a jan ƙyalle har dillali, ɗawwash, ya zo da jirginsa ya saya.

Ba albashi ake biyansu ba, kaso ne daga ribar kakar. Kafin a fita nakhoda yakan ba mai nutso rance ya bar wa iyali, idan kakar ba ta yi kyau ba bashin ya hau na bara. Wanda ya mutu da bashi, ɗansa ko ƙanensa ne ke shiga jirgin a madadinsa. Da yawa daga cikin masu nutson kuma bayi ne da aka kawo daga gabashin Afirka, ko 'ya'yansu. Wani jami'in Birtaniya, J. G. Lorimer, ya ƙiyasta a farkon ƙarni na 20 cewa jirage kusan 4,500 da mutum kusan 74,000 ne ke wannan aiki a Tekun Fasha. Daga nan kayan sai Bombay, inda ake hudawa a tantance a shirya, sannan Paris da Landan.

A ɗaya gefen duniya abin ya fi muni. Bayan Columbus ya ga lu'ulu'u a gabar Benezuwela a 1498, Sifaniyawa suka kafa gari a ɗan tsibirin Cubagua, suka tilasta wa 'yan asalin yankin nutso, har da mutanen da suka kwaso daga tsibiran Bahamas, daga baya suka kawo bayi daga Afirka. Kafin 1540 sun ƙarar da kawar wurin, mutanen ma sun kusa ƙarewa. Yawan lu'ulu'un da kike gani a zane-zanen sarakunan Turai na ƙarni na 16, babban kasonsa daga waɗannan ruwaye ya fito.

Abin da ya karya kasuwar

Mutanen Sin sun san tun wajen ƙarni na 13 cewa idan aka cusa ɗan mutum-mutumin Buddha tsakanin ɓawo da naman kawar kogi, za ta lulluɓe shi da sheƙi. Amma wannan a manne yake da ɓawo. Kokichi Mikimoto, ɗan mai sayar da taliya a garin Toba na Japan, ya sami irin wannan rabin ƙwaya a kawar teku a 1893. Dabarar samun cikakkiyar ƙwaya kewayayya kuwa wasu Japanawa biyu ne, Tatsuhei Mise da Tokichi Nishikawa, suka nemi rajistarta a 1907: a yanko ɗan tantanin nama daga wata kawa, a dasa shi tare da ɗan dunƙulen ɓawo da aka goge a cikin jikin wata kawar. Tantanin sai ya yi jaka a kewayen dunƙulen, ya fara zubo sheƙi. Wato abin da tsutsa take jawowa bisa tsautsayi, shi mutum ya koyi yi da gangan. Mikimoto ne ya mayar da dabarar babbar sana'a.

Da kayansa suka shiga kasuwannin Landan da Paris wajen 1920, a farashin da ya gaza na nutso, dillalai suka tayar da ƙayar baya suka ce jabu ne. Magana ta kai kotu a Paris, a 1924 aka yanke hukuncin da ya yi wa Mikimoto daɗi, domin masana kimiyya sun shaida cewa sheƙin da ke kansa da na lu'ulu'un nutso abu ɗaya ne. Sai karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta zo ta kwashe masu saye. A 1932 aka sami man fetur a Bahrain, masu nutso suka fara barin jirage suna komawa aikin kamfanin mai. Cikin shekara ashirin sana'ar da ta ciyar da gabar Tekun Fasha dubban shekaru ta mutu, garuruwa da dama suka sha yunwa kafin kuɗin mai ya iso gare su.

Misali ɗaya ya isa ya nuna girman faɗuwar. A 1917 kamfanin kayan ado na Cartier ya karɓi wani katafaren gida a titin Fifth Avenue na New York daga hannun attajiri Morton Plant, ya ba shi dala 100 da sarƙar lu'ulu'u mai layi biyu da aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya, saboda matarsa tana son ta. A 1957 aka yi gwanjon sarƙar, ba ta kai dala 200,000 ba. Gidan kuwa har yau Cartier na ciki.

Faɗuwa ta biyu daga Sin ta zo. Kawar teku ƙwaya ɗaya ko biyu take bayarwa a dashe guda, amma kawar tafki da ake kiwo a yankunan irin su Zhuji a lardin Zhejiang takan ba da ashirin ko talatin. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na lu'ulu'un duniya, idan aka auna da nauyi, daga can yake fitowa. Shi ne kike gani a wuyan kowa. Sama da shi a farashi akwai Akoya na Japan, fari mai kaifin sheƙi, da baƙin na Tahiti, da manyan farare da masu ruwan zinariya na Ostireliya da Indunusiya da Filifin.

Na nutso bai mutu a daraja ba, ya ma dawo da ƙarfi tunda kusan ba a ƙara samun sabo. Ƙwayar da ake kira La Peregrina, wadda aka ciro a tekun Panama a ƙarni na 16 ta zauna a gidan sarautar Sifaniya, ɗan fim Richard Burton ya saya wa matarsa, 'yar fim Elizabeth Taylor, ita a 1969 kan dala 37,000, a 2011 aka sayar da sarƙar da take jiki kan dala miliyan 11.8. Ƙwayar Marie Antoinette, sarauniyar Faransa ta da, ta kai dala miliyan 36 a Geneva a 2018. A irin waɗannan, sunan wanda ya taɓa sawa yana da babban kaso a kuɗin. Bahrain kuma har yau ta hana cinikin lu'ulu'un kiwo a ƙasarta, kuma UNESCO ta sa tsofaffin gidajen dillalai na Muharraq da wuraren nutso cikin kayan tarihin duniya a 2012.

Sarƙar da ke hannunki

Ɗaya ce cikin uku: ta nutso, ta kiwo, ko jabu. Jabun ma tsoho ne. Tun ƙarni na 17 wani mai yin carbi a Paris da ake kira Jacquin ya gano yadda ake shafa wa ƙwayar gilashi sheƙin da aka tatso daga ɓawon kifi. Saboda haka tsufan sarƙa kaɗai ba hujja ba ne.

Raba jabu da na kawa abu ne da za ki iya a gida. Ki goga ƙwaya ɗaya a hankali a gefen haƙorinki na gaba. Na kawa za ki ji ɗan kaushi kamar gari-gari, jabu kuwa santsi zai yi. Sannan ki sami madubin ƙara girma ki duba bakin hudar da zare ya bi. A jabu za ki ga fentin ya taru a bakin ramin ko ya ɓare, gilashi ko roba na leƙowa daga ƙasa. A na kawa bakin ramin yakan fita tsaf da kaifi. Idan na kiwo ne mai dunƙule a ciki, sau da yawa ana hango wani siririn layi mai duhu a cikin ramin, inda sheƙi ya ƙare dunƙulen ya fara. Ki kuma jera ƙwayoyin a kan farin ƙyalle kusa da taga: idan duk girmansu da launinsu ɗaya ne babu ko tabo, ki yi shakka, domin abin da kawa ta yi ba ya rasa ɗan bambanci.

Raba na nutso da na kiwo kuwa ido ba ya yanke hukunci a kai, nawa ko na wani. Akwai alamu da ke sa in ɗaga gira: ƙwayoyi ƙanana, ba su cika kewaya ba, launinsu ya karkata zuwa ruwan madara, hudar siririya ƙwarai saboda masu hudawa na da ba sa son asarar nauyi, ga kuma maƙulli na tsohon aiki. Amma alama ce kawai. Lu'ulu'un tafki na Sin da yawa ba shi da dunƙule a ciki, sheƙi ne tun daga tsakiya, kuma yana iya yin kama da na nutso har ya ruɗi wanda ya ƙware. Sai an sa shi a na'urar eksire, irin wadda ake hoton ƙashi da ita, a ga tsarin cikinsa. Ɗakunan gwaji irin su GIA, da SSEF na Suwizalan, da DANAT na Bahrain su ne ke wannan aiki su ba da takarda. Duk wanda ya kalli sarƙarki da ido kawai ya ce miki ta nutso ce, ko ya ce ba ita ba ce don ya saya da araha, kada ki yi ciniki a kan maganarsa. Abin da zai taimaka miki wajen yanke shawarar ko gwajin ya cancanci kuɗinsa shi ne tarihin sarƙar. Idan an san tana cikin dangi tun kafin 1920, to ki kai ta. Idan mahaifiya ce ta saye ta sabuwa daga shekarun 1950 zuwa yau, kusan tabbas ta kiwo ce in ba jabu ba, kuma darajarta tana ga zurfin sheƙinta, da tsabtar fatarta, da girman ƙwayoyin.

Ko wace iri ce, kulawarsu ɗaya. Lu'ulu'u yana da taushi, taurinsa 2.5 zuwa 4.5 ne a ma'aunin Mohs inda daimon yake 10, don haka kada ki haɗa shi a akwati ɗaya da zinariya da duwatsu, za su karce shi. Ɓarnar da na fi gani a sarƙoƙin da ake kawo mini ta turare ce da gumi: ƙwayoyin da ke kwanciya a gefen wuya da ƙeya sun dushe sun zama kamar alli, wasu har sun zaizaye sun koma siffar ganga, alhali na gaban da ke kan riga suna nan da haskensu. Sheƙin da ya tafi ba ya dawowa. Ki gama shafa mai da fesa turare, ya bushe, sannan ki sa sarƙar, in kin cire ki goge ta da laushin ƙyalle mai ɗan danshi. Kada ki rufe ta shekaru a leda ko wuri mai zafi, bushewa tana sa ta tsage. Ki kuma duba zaren. Idan ya yi datti, ko kin ga ƙwayoyin suna zamewa da tazara a tsakaninsu, ki kai a sake shirya ta a zaren siliki, a ƙulla ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, don kada su riƙa gogar juna, kuma in zaren ya tsinke ƙwaya ɗaya ce kawai za ta faɗi.